Amsoshin Tambayoyinku: Batir Sabo, Amma Mota Ta Ƙi Tashi Da Safe

Tambaya: Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik. Tun shigowar sanyin nan take wahalar da ni da safe. In na murɗa makulli sai in ji ƙyat-ƙyat-ƙyat, ba ta tashi sai an kawo wani batir an jona mata. Na sayi sabo, ta yi lafiya kamar mako uku, ga shi ta koma gidan jiya. Bakanikena ya cire kan batir mota na aiki, ba ta mutu ba, ya ce altaneta lafiya lau take, batirin ne jabu, in sayo wani. Me ya kamata in yi kafin in sake zuba kuɗi? Sannan babur ɗin ƙanena, Bajaj Boxer, yana yawan ƙona ƙwan fitila.
Daga wani malamin makaranta a Zariya

Amsa: Ka yi dabara da ka dakata. Kada ka sayi batir na uku tukuna, domin alamu sun fi nuna cewa akwai abin da ke kashe batiran naka, kuma in ba a gano shi ba na ukun ma haka zai ƙare.

Ka ɗauki batir kamar randa. Altaneta ce mai zuba mata ruwa muddin inji na juyawa. In ka wayi gari randa ba ruwa, ko dai ba a cika ta ba jiya, ko wani ya kwashe cikin dare, ko kuma ita kanta ta tsage. Bakanikenka ya yanke hukunci a kan dalili na uku ba tare da ya auna biyun farko ba.

Ƙarar da ka kwatanta ta riga ta rage mana aiki. Ƙyat-ƙyat ɗin nan mai sauri, musamman in fitilun dashbod na dushewa tare da shi, yana nufin wutar da ke isa ga kik ba ta kai ta juya inji ba. Da ƙara ɗaya tak kake ji, fitilu kuma na nan da haskensu, da kik ɗin za a fara tuhuma. Da kuma inji na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, da mun bar zancen batir mun koma kan mai da fulogi.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Buɗe bonet ka kama kawunan batirin ka jijjiga. In ɗaya ya motsa a hannunka, ka samu laifi na farko. In ka ga farin gari ko kore-kore ya taru a kai, shi ma yana tare wuta. A kwance su, a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. Ka bi wayar nan mai kauri da ta tashi daga ɓangaren da ke da alamar ragewa zuwa jikin mota, ka tabbata inda aka ɗaure ta bai yi tsatsa ba. Wajen kwancewa, ɓangaren ragewa ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Kada a kusanto da taba ko ashana, domin batir na fitar da iskar da ke kama wuta.

Daga nan sai awo. Duk mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa yana da 'yar mitar nan ta hannu mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Da safe kafin a tayar da mota, cikakken batir zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi ƙwarai. A bar mitar a jone ka murɗa makulli: in lambar ta faɗo ƙasa da 9.6, batirin ba ya iya ɗaukar nauyi. Bayan mota ta tashi, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. To a nan ne ake kama altaneta mai raki. A kunna manyan fitilu da na'urar sanyaya mota da rediyo gaba ɗaya, a ɗan taka totur. In lambar ta kasa riƙe 13, altaneta ba ta biyan abin da mota ke ci, kuma batir ne ke cike giɓin alhali kana tafe kana zaton caji yake yi. Sau da yawa ba sai an sauya ta dungurungum ba. Bel ɗin da ke juya ta ne ya saki, ko burushin cikinta ya cinye, ko abin da ke daidaita wutar ya gaza, kuma duk ana gyara su ɗaya-ɗaya.

Gwajin da bakanikenka ya yi kuwa, don Allah kada ka bari a sake yi wa motarka shi. Na san ya zama ruwan dare a garejojinmu, an gaje shi ne tun zamanin motocin da ba su da kwamfuta. Batir yana shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa. Da zarar an cire shi inji na aiki, wutar na iya yin tsalle nan take ta ƙona kwamfutar inji ko altanetar kanta, abin da kuɗinsa ya ninka na batir. Kuma gwajin bai tabbatar da komai ba. Altanetar da ta rage ƙarfi tana iya riƙe inji yana salo, amma ta kasa cika batir.

Idan awon caji ya fito daidai, sai a nemi mai ɗibar wuta da dare. Akwai gwajin da za ka yi da kanka a gida: bayan ka dawo da yamma ka kashe mota, cire ɓangaren ragewa ka bar shi har safe. In ka mayar ta tashi garau, batirinka lafiya yake, wani abu ne a jikin motar ba ya barci. Mai gyara zai jona mitarsa tsakanin kan batir da wayar da aka cire, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 30 kwamfutocin mota su lafa. Abin da mota irin taka ke ja a kashe bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. In ya wuce, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda in an cire shi lambar ta faɗi. Mafi yawan lokaci laifin na kayan da aka ƙara daga baya ne: rediyo mai allo da aka jona kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota, amsa-kuwwa a but. Ƙaramin ƙwan but mai wat 5 ma yana jan kusan amfiya 0.4, in ya kwana biyu ko uku a kunne ya isa ya durƙusar da batirin da dama bai cika ba. In an zare fis duka ba a ga sauyi ba, a cire wayar altaneta, domin dayod ɗinta in ya lalace wuta na komawa ta cikinta a ɓoye.

Batun sanyi da ka ambata gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Zafin Maris da Afrilu shi ke cinye batir, yana ƙafar da ruwansa yana lalata farantan ciki. Hunturu kawai tona asirin yake yi, lokacin da baƙin mai ya yi kauri kuma batir ya rage kuzari. Ka kuma duba irin tafiyarka. In daga gida zuwa makaranta ce kawai, 'yan mintuna cikin cunkoso, abin da kik ya zuƙa ba ya gama dawowa. Batirin da kuma ya saba sauka ƙasa, ƙarfinsa ba ya komawa yadda yake. Saboda haka wannan na hannunka, a kai shi a yi masa caji a hankali har ya cika, a ƙara masa ruwan batir in mai murafu ne, ban da ruwan famfo ko na leda, sannan a gwada shi. Yana iya farfaɗowa tunda bai tsufa ba. In an cika shi an ajiye ba a jone da komai ba, ya kwana ya sauka, sai a yarda da maganar bakanike, ka mayar wa wanda ya sayar maka.

Babur ɗin ƙanenka matsalarsa kishiyar taka ce: alama wuta ce ta yi masa yawa. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai tsaga-tsaga da masu gyara ke kira rektifaya, shi ke tsayar da wutar da kwayil ke bayarwa kada ta wuce kima. In ya mutu, ana murɗa totur haske zai ƙaru fiye da yadda aka saba, ƙwai ya ƙone. A ɗora mita a kan batirin babur ɗin a ba shi wuta. In ta haura 15, ko batirin na zafi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a sauya rektifaya. In awon ya yi daidai, a duba mazaunin ƙwan ko ya saki yana girgiza a kan hanya, a kuma tabbata ƙwan da yake saye mai bolt 12 ne, wat ɗinsa daidai da na wanda babur ɗin ya zo da shi.