DARASI: ƊANMU YA ZAƁI KARATUN ZAMAN JAMA'A

A karanta: Ayyukan Manzanni 17:16-34, Yakubu 1:19.

'Yan'uwa cikin Almasihu, iyaye da yawa sukan damu sa'anda ɗansu ya ce zai karanta ilimin zaman jama'a da al'adu a jami'a. Sukan ce, wannan wane irin karatu ne? Ba likita ba, ba injiniya ba. Waɗansu ma suna tsoro kada ya raba yaron da bangaskiyarsa. Bari mu duba batun tare.

Abin da a ke koya

Karatun na shekara 4 ne a jami'o'in Nijeriya. Ana yinsa a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya. Har a nan Wudil ma, Makarantar 'Yan Sanda, wadda ta fara ɗaukar ɗaliban digiri a 2013, tana koyar da shi. Ɗalibi yakan nazarci aure, da gado, da zumunci, da kasuwa, da addini, da sanadin aikata laifi. A shekarar ƙarshe sai ya shiga cikin mutane, ya yi tambaya, ya saurara, ya rubuta.

Mu ɗauki misali daga karar shanu ta Wudil ran Jumma'a. Bafillace ya kawo sa, falke daga kudu ya zo saye, ba su san juna ba. Me ya haɗa su? Dillali ne, da amanar da ke tsakani. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan cikin 1962 da 1963, ya ga yadda Hausawa masu gida su ke ba mahauta Yarbawa shanu bashi ba tare da takarda ba, domin sun san halin kowane mahauci. Tonon irin wannan shi ne aikin ɗalibin.

Amfaninsa ga ekklesiya

Joseph Greenberg, mutumin Amurka, ya zauna tare da Maguzawan ƙasar Kano cikin 1938 da 1939. Ya koyi sunayen iskokinsu da irin hadayar da a ke yi wa kowanne, littafinsa ya fito a 1946. Shi ba mai bishara ba ne, amma ya yi haƙurin sauraro. Mu fa? Sau nawa mu kan shiga ƙauye mu fara wa'azi ba mu san abin da mutanen ke tsoro ba? Manomi wanda ya bar tsafin gidansu yana tunanin wa zai tsare gonarsa, wa kuma zai ba 'ya'yansa mata. Kadan ba mu san wannan ba, yaya za mu taimake shi?

Bulus Manzo bai buɗe baki a Atina ba sai da ya zaga birnin, ya duba wuraren sujadarsu, ya karanta rubutun bagadinsu. Daga abin da ya gani ne ya fara shelar Allah mai rai.

Haɗarinsa

Ba za mu ɓoye ba, akwai haɗari. Waɗansu littattafan suna koyar da cewa dukan addini ƙirar mutane ne kawai. Lalle wannan ilimi yana iya faɗin abin da mutane ke yi da dalilinsu, amma ba shi da ma'aunin da zai gwada ko Yesu ya tashi daga matattu. Saboda haka kada mu hana yaro, kada kuma mu sake shi. Mu tabbata ya shiga zumuntar ɗalibai masu bi. In ya zo hutu, dattawa su zauna da shi, su ji tambayoyinsa ba da faɗa ba.

Tambayoyi

1. Me Bulus ya yi kafin ya yi wa'azi a Atina?
2. Waɗanne al'adun garinmu ne mai bi zai riƙe, waɗanne zai bari?
3. Wa ke ziyartar ɗalibanmu a makaranta?

Mu yi addu'a Ubangiji ya ba 'ya'yanmu kunnen ji da zuciya tsayayyiya.