Kafin a Kai ga Igiyar Rataya

Duk lokacin da labarin fyaɗe ga ƙaramar yarinya ya ɓulla a Damagaram, magana ɗaya ake ji a fada da gidan biki: "A kashe shi kawai!" Ban ga laifin mai wannan fushi ba, ni ma uwa ce. Amma mu san inda muke. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Nijar tun 1976. Dokar laifuffuka ta daɗe da tanadar shekara 15 zuwa 30 a gidan kaso ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 13 fyaɗe. A Kaduna kuwa, gwamnan lokacin, El-Rufa'i, ya sa hannu a 2020 kan dokar dandaƙa da kisa ga masu yi wa yara fyaɗe.

Masu kare haƙƙin ɗan Adam suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sau da yawa mai laifin na gida ne: kawu, maƙwabci, malami. Dangin da suka san za a kashe ɗansu rufe maganar za su yi. Wanda kuma ya san kisa ke jiransa yana iya halaka yarinyar don kada ta faɗa.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne, kisa ko kaso, maganar ba ta cika isa gaban alƙali ba. A zaure take mutuwa, da sunan rufin asiri.

To, iyaye, in abin ya faru, Allah ya kiyaye, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafinta, a naɗe su a takarda. A garzaya babban asibitin Damagaram ko asibitin uwa da yaro, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 kawai yake amfani. A sanar da komisariya ko jandarma, a karɓi takardar likita, ita ce shaida a kotu. Kada a daki yarinya, kada a tsare ta da tambayoyi gaban mutane. A ce mata, "Ba laifinki ba ne."

In dattawa sun zo da goro da kuɗin magani neman sulhu, a karɓe su da mutunci, a ƙi. Wanda aka rufa wa asiri a unguwar Birni, gobe ƴar wani zai tare a unguwar Zango.

Masu unguwanni da limamai, don Allah ku raka iyaye wurin hukuma.