Darasi: Yadda Ake Kwashe Takardu Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

A shaguna da gidaje da yawa, daga Kpandai zuwa Salaga, daga Yendi har Bawku, akwai tsohuwar kwamfuta da aka jingine a lungu, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta. Wata ɗan'uwa ne ya aiko da ita daga Kumasi ko daga Turai, wata kuma a gwanjo aka saye ta. A cikinta akwai lissafin bashin doya na shekaru, da takardar cinikin fili, da sunayen 'yan adashi, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, wani lokaci har da sakamakon gwajin asibiti. In an tambayi mai ita sai ya ce, "Ai suna ciki." Suna ciki kam, amma sai ranar da mai bashi ya musa, ko likita ya nemi tsohon gwaji, a danna ta ta ƙi tashi.

Abu ɗaya wannan darasi yake son ku riƙe. Takarda ba ta tsira ba sai an buɗe ta a sabuwar kwamfuta, an karanta an ga daidai take, sannan an ajiye kwafinta a wani wuri dabam.

Abin koyi daga malaman Salaga

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna a Salaga a zamanin fataucin goro. Bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Rubuce-rubucensa na Larabci da na ajami sun iso gare mu ne domin almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu, kowa ya tafi da nasa garinsu. A shekarun 1960 kuma, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta riƙa aron irin waɗannan littattafai daga hannun malamai, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su da na asali. Ku lura da tsarin: ba a taɓa na asali, ana yawaita kwafi, ana kuma gwada kwafi da asali kafin a amince da shi. Shi ne tsarin da za mu bi.

Mataki na farko: kafin a kunna ta

Kwamfutar da ta daɗe a ajiye kamar mai jinya ce da ya daɗe a kwance, ba a tashe ta da gaggawa. A share ƙurar da ke ramukan iskarta da busasshen burushi, kada a sa ruwa. A jona ta da sitabilaiza, kuma a guji yin aikin lokacin hadari ko lokacin da wuta ke rawa. Idan ta tashi ta nuna kwanan wata na shekarun baya, kada ku firgita. Ƙaramin batirin da ke cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, kuma ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

Idan kuwa kuka ji ƙara daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas tana maimaituwa, ku kashe ta nan take. Rumbun ajiyarta ne, wato faifan da ke riƙe da dukan takardu, yake gab da mutuwa. Kowace kunnawa tana rage masa kwana. A kai ta wurin mai gyara, a kuma gaya masa tun farko cewa takardun ake so, kada ya goge komai ko ya ɗora mata sabon Windows.

Kada a haɗa tsohuwar kwamfuta da intanet. Kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows XP gyaran tsaro tun watan Afrilu na 2014, Windows 7 kuma tun Janairu na 2020. Irin wannan kwamfuta gida ce marar ƙyaure. A watan Mayu na 2017, wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitoci da dama a Ingila, har aka ɗage ayyukan tiyata, domin ba a sabunta tsaronsu ba.

Mataki na biyu: hanyar kwashewa

Hanya mafi sauƙi ita ce filash. A sayi sabo, ƙarami, mai gigabait 8 ko 16, domin tsofaffin kwamfutoci sau da yawa ba sa gane manya. Kada a ari wanda ya zaga shagunan buga takardu da na tura waƙoƙi, don ta nan cuta ta fi yaɗuwa. Alamarta ita ce jakunkunan takardu su ɓace, a bar wasu gumaka masu 'yar kibiya a gefe. In kun ga haka kada ku danna su. Yawanci takardun suna nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyara zai iya fito da su.

A wajen kwashewa a zaɓi umarnin Copy, kada a zaɓi Cut. Na farko yana barin asali a wurinsa, na biyu yana ɗauke shi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wanda ya yi Cut yana iya rasa gane abin da ya tafi da abin da ya saura. A duba ko'ina: jakar My Documents, da fuskar allo, da jakar hotuna, da ɓangaren D idan akwai, har da kwandon shara, don akan jefa abu mai amfani a ciki bisa kuskure.

Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, kamar mai Windows 98, ba lallai ta gane filash ba. Haka idan ta ƙi tashi gaba ɗaya. A nan mai gyara zai ciro rumbun ajiyar ya jona shi da sabuwar kwamfuta ta wata igiya ta musamman. Rumbun iri biyu ne: tsohon yayi, IDE, mai faffaɗan baki da jerin allurai, da na baya, SATA, mai ɗan siririn baki. A tsaya a wurin har a gama, domin sirrin gida ne a ciki.

Masu faifan fulofi, wannan ɗan murabba'in da ke ɗaukar megabait 1.44 kacal, su sani kamfanin Sony ya daina yin sa tun 2011. Ana samun na'urar karanta shi mai jonuwa da kwamfutar zamani. Shi da faifan CD duka zafi da laima suna cin su, don haka a kwashe abin da ke cikinsu tun suna karantuwa.

Mataki na uku: buɗewa da tantancewa

A nan mutane da yawa suke yin sakaci. Da sun ga sunayen takardu a sabuwar kwamfuta sai su ɗauka an gama. Gani ya kori ji. A danna jakar da maɓallin dama, a zaɓi Properties, za ta nuna adadin fayilolin da ke ciki. A gwada wannan adadi a kwamfutocin biyu. In tsohuwar ta ce 412, sabuwar ta ce 398, to goma sha huɗu sun maƙale a hanya. Bayan haka a buɗe muhimman takardu ɗaya bayan ɗaya. Matsaloli uku ne aka fi cin karo da su.

Ta farko, takarda ta ƙi buɗuwa. Wannan yakan faru da waɗanda aka rubuta da tsofaffin manhajoji irin su WordPerfect da Microsoft Works. Akwai manhaja ta kyauta mai suna LibreOffice da ke buɗe yawancinsu. In ta buɗu, a sake ajiye ta iri biyu: ɗaya a tsarin Word na yanzu don gyara, ɗaya a tsarin PDF don karatu da bugawa. Masu shagon magani ko na kaya da ke amfani da manhajar lissafi su kula: kwafar gunkinta daga fuskar allo ba ya kawo lissafin. Dole tun tsohuwar kwamfuta tana aiki a fitar da lissafin zuwa tsarin Excel, a kuma buga shi a takarda.

Ta biyu, haruffa su rikice. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa suna amfani da wani zubin haruffa na musamman, wanda ake kira font, don samun ɓ da ɗ da ƙ. Haka masu buga Dagbanci da Gwanjanci da Kusal suke yi don ɛ da ɔ da ŋ. Idan sabuwar kwamfuta ba ta da wannan zubi, sai wasu alamomi su fito a gurbin haruffan. A Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙafa dabam, kafa dabam. Maganinsa shi ne a kwafo zubin daga jakar Fonts ta tsohuwar kwamfuta a ɗora a sabuwa, ko a buga takardar tun daga tsohuwar, sannan a gyara haruffan sannu a hankali.

Ta uku, lambobi su yaudare ku. A watan Yuli na 2007 Gana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Bashin da aka rubuta 2,000,000 a 2005, sidi 200 ne a lissafin yanzu. In magada suka buɗe wannan takarda ba tare da bayani ba, husuma ce za ta tashi tsakanin gidaje biyu. A rubuta a saman kowane tsohon lissafi ko tsohon sidi ne ko sabo. Masu ciniki tsakanin Bawku da Togo ko Burkina Faso su bambanta sidi da sefa. Kwanan wata ma a duba shi, domin kwamfutar da aka saita ta a tsarin Amurka tana fara rubuta wata kafin rana, sai 3 ga Afrilu ya zama 4 ga Maris. A ranar biyan bashi ko ranar allurar yaro, wannan kuskure yana da tsada.

Mataki na huɗu: suna da ma'aji

A ba kowace takarda suna mai ma'ana: shekara, da abin da ta ƙunsa, da gari. Misali, "2006 cinikin fili Kpandai". Wannan yana da amfani musamman ga mutanen Kpandai, domin kafin a ba su gundumarsu a 2008 suna ƙarƙashin Gundumar Gwanja ta Gabas ne, mai hedikwata a Salaga, kuma tsofaffin takardunsu na hukuma sunan can suke ɗauke da shi.

A buɗe wa kowane mutum na gida jakar lafiyarsa. A sa hoton katin inshorar lafiya, da littafin awon ciki da na yara, da katin allurar shawara da ake nema wajen ƙetare iyaka, da rukunin jini, da gwajin sikila, da sunayen magungunan da yake sha kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga da ciwo ya kama shi a kasuwar wata ƙasa, wannan jaka za ta yi magana a madadinsa.

Sannan a yi kwafi uku. Ɗaya a sabuwar kwamfuta, ɗaya a filash ko rumbun waje, ɗaya kuma a wani gida ko wani gari, wurin amintaccen ɗan'uwa. Gobarar kasuwa da ambaliya ba sa bambanta kwamfuta da filash ɗin da ke aljihun teburinta. Mai intanet yana iya ajiye kwafi na uku a asusunsa na Google, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, amma ya rubuta kalmar sirri ya adana inda magajinsa zai same ta. Takardun fili da na gado da na bashi a buga su a takarda, a sa a leda, a nisanta su daga gara. Sau ɗaya a shekara, misali bayan Babbar Salla, a buɗe kwafin a tabbatar yana nan. Ajiya maganin wata rana.

Mataki na biyar: rabuwa da tsohuwar

Kada a yi gaggawar sayar da ita. A bar ta wata biyu ko uku, ko za a tuna da abin da aka manta. In za a rabu da ita, a sani danna Delete ba ya shafe takarda har abada, masu sani suna iya dawo da ita. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi tsohon rumbun kwamfuta a nan Gana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. In haka ta faru da su, ina ga littafin mai shagon magani da ke nuna wanda ya karɓi wane magani bashi? A ciro rumbun a adana shi a gida, ko a sa mai gyara ya huda shi a gabanku.

Kada a ƙona gangar jikinta don ciro jan ƙarfe, kada kuma a bar yara su farfasa ta. Gilashin tsohon allo mai ƙeya yana da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, hayaƙin wayoyin kuma yana illata ƙirji.

Tambayoyi don bita a gida ko a taron ƙungiya

1. Me ya sa ake zaɓar Copy a bar Cut?
2. Bashin 5,000,000 da aka rubuta a 2004, sidi nawa ne a kuɗin yanzu?
3. A ina kwafinku na uku zai zauna, kuma wa ya san da shi ban da ku?

Wanda yake da irin wannan kwamfuta ya sa rana a cikin wannan mako, ya sayi filash, ya kira ɗansa ko 'yarsa mai karatu su zauna tare. Allah ya tsare mana dukiya da lafiya, amin.