Darasi na 14: Gargajiya

Karanta a hankali: gar-ga-ji-ya. Gaɓa huɗu ke nan.

Kullum muna cewa sarautar gargajiya, maganin gargajiya, kayan gargajiya. Har a ƙasar Sin ana koyon Hausa, gidan rediyonsu ma ya fara shirye-shirye da Hausa tun 1963. To, a ce wani ɗan Sin ya sauka Katsina, ya tambaye ka, "Malam, mece ce gargajiya?" Me za ka ce masa?

Ka kai shi Ƙofar 'Yandaka. Tana cikin tsofaffin ƙofofin birni, irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga. Ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo Katsina a 1903. Yawancin ganuwa ta zube, amma sunan ƙofa yana bakin kowa.

Ka gaya masa 'Yandaka sunan sarauta ne. Tun kafin jihadi ake yin ta. Fulani suka karɓi mulki, ba su kashe ta ba. Turawa suka zo suka tafi, tana nan. Har gobe 'Yandaka yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina, shi ne kuma Hakimin Dutsin-Ma. A Maraɗi ma akwai wannan sarauta, don Katsinawan da suka yi ƙaura sun tafi da abinsu.

Daga nan baƙonka zai gane. Kafin a kira abu na gargajiya, sai ya daɗe, sai an gāje shi kaka da kakanni, sai kuma jama'a suna ganin girmansa. Tsohon takalmi ya daɗe, amma wa ya gāje shi? Sunansa tsoho kawai. Hawan sallah kuwa ya cika ukun nan duka.

Lura da rubutu. Namiji da jam'i, "na". Mace, "ta".
Wasa na gargajiya.
Sarauta ta gargajiya.
Tufafi na gargajiya.

Tambayoyi
1. A wace shekara Lugga ya shigo Katsina?
2. A wane gari 'Yandaka yake hakimci?
3. Me ya raba tsohon abu da na gargajiya?

Aiki
Rubuta "gargajiya" sau 5. Sannan ka tambayi wani dattijo a unguwarku sana'ar da ya gāda, ka rubuta sunanta, ka kawo aji gobe.