Iskar oksijin a gida ga mai ciwon huhu

Mai daɗaɗɗen ciwon huhu, ko na taba ne, ko na hayaƙin itace, ko tabon da tarin fuka ya bari, wani lokaci likita kan ɗora shi a kan iskar oksijin a gida. Binciken da aka yi a Amurka da Birtaniya, aka fitar da sakamakonsa a 1980 da 1981, ya nuna iskar tana ƙara tsawon kwanan masu tsananin ƙarancin oksijin a jini idan ana shaƙarta aƙalla awa 15 kullum, har da lokacin barci. Masu cire tiyon iskar da zarar numfashi ya lafa suna cutar kansu.

A Talladje, kamar sauran unguwannin Yamai, matsalar ita ce ɗaukewar wutar NIGELEC lokacin zafi. Na'urar da ke tace oksijin daga iska ba ta aiki sai da lantarki ko batir, don haka a ajiye cikakkiyar silindar oksijin. Da hunturu ƙura kan toshe matatar na'urar. A riƙa wanke ta.

Kada a ƙara ma'aunin iskar sai da izinin likita, domin yawanta kan sa wasu magagi. A nisanta silinda da gawayi, taba da man shafawa. Idan leɓe ya yi shuɗi, a garzaya asibiti.