Biza da Tikitin Fita: Nasiha Ga Mai Niyyar Ziyara

A cikin mas'alolin da jama'a suke kawo mini a wannan sana'a tamu ta yanka wa matafiya tikitin jirgin sama da shirya musu takardu a Kano, babu wadda ta fi maimaituwa kamar ta mutumin da Allah ya ba shi bizar ziyara, amma ko dai kuɗin tikitin zuwa da dawowa ya yi masa nauyi, ko kuwa bai tsai da ranar komowarsa ba, sai ya ce, "Alhaji, yanka mini na zuwa kawai, in na isa na sayi na dawowa." Saboda abin da na sha gani ya biyo bayan wannan shawara na asarar dukiya da zubewar mutunci, na ga ya wajaba in yi bayani, domin nasiha hakki ce a wuyan kowane mai sana'a ga waɗanda suka ba shi amanarsu.

Asalin ruɗanin kuwa sabo ne, domin tun da ƙasashen Afirka ta Yamma suka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirga a 1979, ɗan Nijeriya yakan hau mota ya sauka Akkara ko Kwatano, ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, kuma ba kasafai ake tambayarsa ranar da zai koma ba. Sai mutum ya zaci cewa wanda ya sha wahala ya sami hatimin ofishin jakadanci a fasfonsa ya fi cancanta a bar shi ya wuce. Alhali kuwa biza izini ce ta isa bakin ƙofa, kamar baƙon da aka ce ya zo, wanda duk da haka sai ya yi sallama a zaure an amsa masa. Dokar biza ta ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya, waɗanda ake kira Shengen, ta ma faɗi ƙarara cewa mallakar biza ba ta ba mutum hakkin shiga kai tsaye.

Bayan ofishin jakadanci, akwai mutum biyu da matafiyi zai gamsar, kuma na farkonsu yana nan gida, shi ne ma'aikacin kamfanin jirgi mai duba fasfo kafin a auna kaya. Dalilin tsananinsa shi ne, a ƙarƙashin ƙa'idojin sufurin sama da suka samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, kamfanin da ya ɗauko fasinjan da aka hana shi shiga, shi ne zai ɗauke shi ya mayar, kuma a Turai idan takardun fasinjan ba su cika ba, akan ci kamfanin tara ta dubban yuro. Saboda haka ma'aikacin yakan duba rumbun bayanai mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, inda aka rubuta sharuɗɗan shiga kowace ƙasa bisa ga fasfon da mutum ke riƙe da shi, kuma muddin ya ga an ambaci tikitin fita, to, babu magiya ko sanayya da za ta sa ya bari a hau. Na biyu shi ne jami'in shige da fice na can, wanda hukunci na ƙarshe yake hannunsa.

Ƙasashe sun bambanta a wannan babi. Filifin ta mai da tikitin komawa ko na wucewa gaba sharaɗi bayyananne ga baƙi masu yawon buɗe ido. Ƙasashen Shengen suna neman baƙo ya bayyana manufar zuwansa, ya nuna guzurin da zai ishe shi zama da komawa, kuma tikitin dawowa yana cikin hujjojin da dokarsu ta lissafa. Amurka da Ingila ba su ɗora tikitin a kan mai bizar ziyara a matsayin sharaɗi mai zaman kansa ba, sai dai sun ɗora masa nauyin tabbatar da cewa zai fita idan wa'adinsa ya cika, kuma wanda ya zo da tikitin zuwa kaɗai ya raunana hujjarsa da hannunsa. Maniyyatan umra kuwa sun san yadda hukumomin Saudiyya suke tsanantawa a kan komawa, saboda daɗewar matsalar masu shiga ibada su maƙale.

Tikitin da zai amfane ka, ya ɗan'uwa, dole ranar fitarsa ta faɗo cikin kwanakin da aka ba ka, domin bizar Shengen tana ɗauke da lokacin aikinta daban, da adadin kwanakin zama daban, waɗanda ba sa wuce 90 a cikin kowane kwana 180, kuma mutane da yawa sukan duba na farko su manta da na biyu. Dole ne kuma ya fitar da kai daga yankin baki ɗaya, domin tashi daga Faransa zuwa Italiya, a idon dokarsu, ba fita ba ce. Idan kuwa wata ƙasa ta uku za ka wuce, sai ka riƙe bizarta ko shaidar cewa za ta karɓe ka. Ka tabbata sunan da ke tikitin ya yi daidai da na fasfo, ka kuma buga shi a takarda, don waya takan mutu a lokacin da aka fi bukatarta.

Saura in ja kunne a kan abin da ya fi damuna, wato tikitin bogi da wasu ke haɗawa a kwamfuta, da kujerar da ake kamawa ba a biya ba, wadda takan faɗi da kanta bayan ɗan lokaci. Jami'i yana iya bincika lambar tikiti nan take, kuma wanda aka kama da jabu, ban da mayar da shi, yana iya rasa bizarsa, a kuma hana shi wata shekara da shekaru. Malaman fiƙihu tun da can sun yi bayani cewa wanda ya shiga ƙasar wasu bisa amincin da suka ba shi, yaudararsu ta haramta a gare shi. Ga shi kuma kowane ha'inci da aka kama yana ƙara tsananta bincike a kan marasa lafiya da 'yan kasuwa da ɗalibanmu masu zuwa a baya.

Wanda bai san ranar komowarsa ba, mafita tana nan ta halal: ya nemi tikitin da ake iya sauya ranarsa, ko wanda ake mayar da kuɗinsa, ya tambayi wakilinsa ladan sauyin tun kafin ya biya. Ƙarin da zai bayar bai kai asarar tikitin zuwa, da kuɗin biza, da na masauki, da tabon da zai zauna a tarihin tafiyarsa ba. Allah ya sa mu fita lafiya, mu cika alkawarin da muka ɗauka, mu komo wa iyalanmu da mutuncinmu.