Kanji Ba Ya Son Gaggawa

'Yata, na ji a koyon rubutun Japananci kin gama hiragana da katakana, kin tsunduma cikin kanji. Madalla, Allah Ya yi miki albarka. Matso mu yi magana.

Kanjin da gwamnatin Japan ta tsayar don amfanin yau da kullum 2,136 ne, tun gyaran 2010. Kada yawan ya razana ki. Yaran Japan kansu, da suka sha harshen a nono, 80 kacal ake ba su a ajin farko na firamare. Sai sun yi shekara shida a firamare suke haɗa 1,026. To ke ina za ki da sauri? Sauri ya haifi nawa.

Na san da Anki kike aiki a wayarki. Manhaja ce mai kyau ta hadda da katuna, amma ki san halinta. Idan ba ki taɓa saitinta ba, sabon kati 20 take ba ki kullum. Kwanakin farko abin gwanin daɗi, kafin shayi ya huce kin gama. Sai dai duk katin da kika ɗauka yau zai dawo miki gobe, ya sake dawowa bayan 'yan kwanaki, sannan bayan makonni. Wanda ya dage a kan 20, bitarsa takan kai wajen 200 a rana. Ana haka sai biki ya taso, ko zazzaɓi ya kwantar da ke. Ki buɗe waya bayan kwana uku, ki tarar abu ya yi tsiri. Nan zuciya ke karaya. Da yawa a nan suka ajiye karatun, kuma ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba.

Ai kin yi makarantar allo. Malam ba ya yi miki ƙari sai kin kawo na jiya, allo kuma ba a wanke shi sai karatu ya zauna. Haka za ki yi. Bita tukuna, da safe, kafin hidimar gida ta ɗauke ki. Sabo ya biyo baya, biyar ko goma sun isa. Ranar da bita ta taru, ki tsayar da sabo ɗungurungum har ki sauke nauyin. Babu abin kunya a ciki.

Kuma kada ki haddace kanji shi kaɗai tsurarsa. Dubi 山, na dutse. Shi kaɗai "yama" ake karanta shi, amma a sunan dutsen Fuji sai ya koma "san". Ki riƙe shi cikin kalma, kalmar kuma cikin 'yar jimla. Ki ɗauki biro ki rubuta shi ko sau biyu ne, layin tsakiya farko, don hannu ma yana da tasa haddar.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Idan kati ya zo kika kasa tuna shi, ki gaya wa manhajar gaskiya, kada ki danna cewa kin sani don ki gama da wuri. Za ta dawo miki da shi, ki sake gwadawa.